Jan Takalmi a Babi na Sha Tara

A gidan marubucin nan da mata ke kira Alƙalamin Zuma, ba a yin faɗa a banza. Duk kalmar da ta fito daga bakin matarsa cikin ɓacin rai ba ta kai wa ƙasa, a aljihun rigarsa take sauka. Nan yake ajiye wani ɗan littafi mai baƙin bango da biro a maƙale, kuma yana zaro shi da saurin da wani namijin ke zaro hankici in matarsa na kuka.

Auta ake ce wa matar. Tela ce, kekenta na ɗakin da ke bakin ƙofa, inda mata ke shigowa awo. Yawancinsu ba don ɗinkin kaɗai suke zuwa ba. So suke su ga matar da ke zaune da mutumin da ya fi kowa sanin zuciyar mace.

Ba haka ya fara ba. Littattafansa uku na farko sun daɗe a shaguna har bangonsu ya koɗe. Mai buga masa littattafai ne ya gaya masa ciwonsa: “Mazanka ba laifi. Amma matanka magana suke kamar masu karanta labarai a rediyo. Kai ka taɓa ganin mace ta yi fushi kuwa?” Ya dawo gida da haushinsa ya sauke a kan Auta. Ita kuma ranar ta gaji, ta ce, “Ni ba katanga ba ce, da za ka jingina in ka gaji, ka juya mini baya in ka huta.” Sai ya yi tsit. Ta ɗauka maganar ce ta shige shi. Can ya ce, “Sake faɗa.”

Littafi na huɗu sau biyar aka sake buga shi. 'Yan mata suka riƙa tura wa samarinsu maganar katanga ta waya.

Matsalar ita ce Auta ba mai yawan faɗa ba ce, kuma mai bugawa na son littafi duk wata huɗu. Faɗan da ke zuwa da kansa bai isa ba. Sai marubuci ya koma shuka shi da hannunsa. Ya yi kwana uku bai taɓa abincinta ba. Ya ce zai zo ya ɗauke ta daga asibiti, ya bar ta a tsaye har rana ta karkata. Wata Laraba mata uku na zaune a ɗakin ɗinki, ya shigo ya ɗaga rigar da ta kwana biyu tana fama da ita.

“Wannan hannun ai ya fi wannan tsawo,” ya ce da matan. “Kuna da haƙuri da kuke kawo mata.”

Matan suka yi dariyar kunya. Mai rigar ta ce za ta dawo gobe, ba ta sake dawowa ba. Da suka watse Auta ta same shi a falo, littafi a cinya, biro a buɗe, kamar ɗalibin da ya riga malami shiga aji.

“Malam, me na yi maka?”

“Ci gaba, ina jin ki.”

“A gaban mutanen da nake ci da su? Hannun nan daidai yake, ka san daidai yake!”

“Na sani. Amma yaya kika ji a nan?” Ya dafa ƙirjinsa. “Kamar me?”

Ta so ta yi shiru, maganar ta fi ƙarfinta. “Kamar an tuɓe ni a kasuwa, kuma wanda ya tuɓe nin shi ne ke riƙe mini da mayafi.”

“Kai!” Biro na gudu. “Auta, Allah ya yi miki baki.”

Washegari ya kawo mata turare. Kullum haka yake yi. Ya ce, “Kin san ba da zuciya ɗaya nake yi ba. Aiki ne. Mahauci ma ba ƙin dabba yake ba.”

Ta kai ƙara wurin Inna, mahaifiyarsa. Tsohuwar ta saurara tana tsintar zare a zanenta.

“Ya dake ki?”

“A'a, Inna.”

“Ya hana ki ci? Ya hana ki sutura?”

“A'a.”

“To me ya yi miki, 'yar nan?”

“Rubuta ni yake yi.”

Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki. “Ni shekara talatin ina yi wa ubansa magana, ko sau ɗaya bai juyo ba. Ke kin samu mai saurare har da rubutawa, kina kawo ƙara?”

Yayarta kuwa, wadda ba littafinsa da ba ta karanta ba, cewa ta yi, “Ke kin san mata nawa ke sa littafin mijinki a ƙarƙashin filo?”

“Yaya, maganata suke sawa.”

“To ai bai sa sunanki ba. Ki rufa wa kanki asiri.”

Abu ɗaya ne bai shiga littafi ba. A aljihun keken ɗinki na ƙasa akwai gwangwanin alewa cike da zare, a ƙarƙashin zaren akwai jan takalmin roba, ƙafa biyu, kowace ba ta cika tafin hannu ba. Na 'yarsu ne, wadda suke kira Tsuntsuwa don ƙarancin cinta. Ta rasu tana da shekara biyu da rabi, ranar da ubanta ke wani gari yana sa hannu a littattafai. Ya sha tambayar yadda safiyar ta kasance. Auta ta ce, “Zazzaɓi ne,” ba ta ƙara ba. Kullum in ya shiga ɗakin rubutunsa sai ta buɗe gwangwanin. Ba kuka take yi ba. Jira take ta ji muryar yarinyar tana faɗin abin da ta faɗa a safiyar nan, kuma kullum muryar na zuwa, da ɗan tsamin bakinta. Wannan kaɗai ta ce ba za ta bayar ba, ko da zai shekara bai ci abincinta ba.

Sauran ma ta gaji da bayarwa. Ta gwada shiru, ya riƙa bin ta ɗaki ɗaki. Sai wata dabara ta zo mata. A bayan ƙofa akwai kwalin tsofaffin littattafansa da aka dawo da su daga shaguna. Ta ɗauki na biyu ta haddace tsakanin ɗinki da ɗinki. Ranar da ya sake tsokanarta, ta sunkuyar da kai ta ce:

“Ya kai hasken rayuwata, haƙiƙa zuciyata ta raunana da wannan furuci naka.”

Ya ɗago ya dube ta. Sai ya gyaɗa kai ya rubuta.

“Kin fara zurfi,” in ji shi.

Wata biyu tana ciyar da shi tsohon abincinsa, yana lashe baki. Su ne watanni mafi daɗi da ta yi a shekarun nan. Har masu kawo ɗinki suka ce ta yi ƙiba.

Mai bugawa ne ya ɓata mata. Ya zo gidan da kansa da tsakar rana, yana share gumi, ya buga takardun sabon littafin a kan tebur. Daga ɗakin ɗinki tana jin komai.

“Ciwonka na da ya dawo.”

“Ranka ya daɗe, daga bakinta na ɗauko.”

“To bakin nata ya karanta littafinka na biyu. Ni na buga shi, ni na kwashe shi daga shaguna, zan manta shi ne? Bar wannan ma. Dubi babi na sha tara. Uwa ta rasa 'yarta, ka sa tana cewa haƙiƙa mutuwa ta yi mata yankan ƙauna. Kai da aka yi rasuwar a gidanka! Mutane sun bar kuɗin cefane sun sayi littafinka, ka ba su gaskiya mana.”

Ƙafar Auta ta tsaya a kan keke.

Ta jira faɗa, faɗa bai zo ba. Bai ce mata komai ba game da littafi na biyu. Ya koma cin abincinta yana yabawa. Da safe shi ke kawo mata shayi har ɗakin ɗinki, ya tsaya yana duba zare da almakashi kamar mai sha'awar sana'ar. Wannan kirkin ya fi tsoratar da ita. Sau uku tana sauya wa gwangwanin wuri. Ta daina fita ko sayen allura. Ɗinkinta ya fara karkacewa da gaske.

Ranar Lahadi da hantsi ta fito daga wanka, ta ɗaga gwangwanin, ta ji ba nauyi. Ta zazzage zaren a ƙasa. Ta laluba ciki da yatsa kamar takalmi abu ne da zai maƙale a kusurwa.

Yana falo a zaune. Babu littafi a cinyarsa, hannuwansa biyu a buɗe a kan gwiwa.

“Na bayar,” ya ce a hankali. “Mai kwasar shara ya zo, ya ce yana da 'ya ƙarama. Shekara huɗu, Auta. Ya isa haka.”

Ta fita ba takalmi, ba mayafi. Ta bi layin har inda ya haɗu da babban titi, mai shago na kiranta ba ta ji. Babu motar shara, babu alamarta. Ta dawo ƙafarta na jini, ta zube a tsakar falon, sai abin da ta riƙe shekara huɗu ya ɓalle.

“Ba ka san abin da ka bayar ba! Jikinta kamar garwashi ranar. Na kwantar da ita a tabarma kusa da ni, ina ƙarasa rigar wata da ta ce da azahar za ta zo karɓa. Na ce in na gama sai mu tafi asibiti. Ta ja jiki ta ɗauko takalman. Ta ce, ‘Mama, sa mini, ƙafata sanyi.’ Na ce wane sanyi kina ƙuna, ajiye, ba inda za ki. Ta sa da kanta, na dama a hagu. Na tashi na cire, har na ɗan buge hannunta. Na ce in na gama zan sa miki. Maɓalli uku suka rage mini, Malam. Na ɗinke su. Duka ukun. Da na juyo...”

Ba ta ƙarasa ba. Shi ma kuka yake, kuma kukan ba na ƙarya ba ne. Ya rungume ta, suka daɗe a haka. A cikin ranta ta ce ashe da tuni ta faɗa masa.

Sai ya miƙe ya share fuska. Ya jawo aljihun tebur ya fito da jan takalmi, ƙafa biyu, ya ajiye a cinyarta.

“Ga su. Ni mahaukaci ne da zan bayar?”

Wayarsa na kife a kan teburin. Ya juya ta, ya danna, ɗan jan ɗigon ɗaukar murya da ke ƙiftawa ya mutu.

Auta ta dubi takalman, ta dubi wayar.

“Ni ma 'yata ce,” ya ce. “Ina da haƙƙin in san yadda ta tafi. Shekara huɗu kina hana ni. Kuma dubi kanki, ba ki ji sauƙi ba? Likitoci ma haka suke yi, sai sun matse ƙurji.”

“Kada ka rubuta.”

“Ba zan sa suna ba.”

“Malam, don Allah. Kada ka rubuta.”

“Auta,” ya ce, da muryar da yake karatu da ita a taro, “abin nan ya fi ƙarfin ni da ke.”

Ta yi kwana tara a gidan Yaya. Yaya ta ce lallai bai kyauta ba, amma ai ya dawo da takalman. Inna ta zo da kanta, ta ce ɗan nan ya rame, ba ya ci ba ya sha, rubutu kawai yake, kuma mace mai hankali ba ta barin gidanta saboda abin da ba za ta iya nuna tabonsa ba. Ta tambayi Auta abin da za ta ce wa alƙali in an je gabansa. Auta ta yi ta nema, ba ta samu abin da ba zai ba mutane dariya ba. A rana ta goma ta koma. Kekenta na can, da kayan mutane da ba ta gama ba.

Littafin ya fito. A shafin farko an rubuta: Ga matata, wadda shirunta ya koya mini magana. Aka ba shi lambar yabo. A rediyo aka tambaye shi yadda namiji ya san zuciyar uwa haka, ya ce, “Saurare. Mu maza ba ma sauraren matanmu.”

Ta rantse ba za ta karanta ba, amma babi na sha tara ya biyo ta har ɗaki. Ana karanta shi a rediyon maƙwabta. Mata na karanta wa juna suna jiran awo. Yaya ta kira ta tana kuka ta karanta mata ta waya. Komai na nan: tabarma, maɓalli uku, bugun hannu. Wuri ɗaya kawai aka taɓa. Mai bugawa ya ce maganar yarinyar ta yi ƙanƙanta da wurin, sai aka sa: “Mama, sa mini takalmina, tafiya zan yi.” Wannan layin shi mutane suka ɗauka. Shi ake rubutawa a ƙarƙashin hotunan yaran da suka rasu. Auta ta ji shi daga bakin mai karatun rediyo, daga bakin 'yan makaranta, daga bakin matar mai shago. Ta daina buɗe gwangwanin. Gani take kamar duk garin na leƙowa ta kafaɗarta.

Bayan shekara ɗaya da wani abu, wata mata ta zo da yadi. Ba ta cikin masu zuwa kallo. Ramammiya ce, ba ta da surutu. Auta na auna kafaɗarta sai ta ji tana rawa.

“Yi haƙuri, 'yar'uwa,” matar ta ce. “Ba ɗinkin ne ya kawo ni ba. Ɗana ya rasu bara waccan. Ranar na daka masa tsawa don ya zubar mini da ruwa. Ban faɗa wa kowa ba, ko ubansa. Na daina ci, na daina fita, na ɗauka duk duniya ni kaɗai ce uwar da ta yi haka. Sai ƙanwata ta kawo mini littafin maigidanki.” Ta kama hannun Auta, da tef ɗin awo da komai. “Da ba don babin nan ba, wallahi da ba na nan. Ki gode masa. Ki ce wata ta ce Allah ya biya shi.”

Auta ta dubi idon matar, ta nemi ƙarya a ciki ba ta samu ba. Ta so a ce akwai. Da ya fi mata sauƙi.

“Zan faɗa masa,” ta ce. Ta ƙarasa awon, ta rubuta, ta raka ta ƙofa.

Da ta dawo ta tura ƙyaure, ta jawo gwangwanin a karo na farko tun bayan fitowar littafin. Ta ɗora takalman a tafin hannu, ta rufe ido, ta jira.

Muryar ta zo, da ɗan tsamin bakinta. Ta ce, “Mama, sa mini takalmina, tafiya zan yi.”

Auta ta buɗe ido. Ba haka ba ne. Ta san ba haka ba ne. Ta sake rufewa, muryar ta sake faɗin haka. Ta yi ta tono. Akwai maganar sanyi, ko zafi. Yarinyar ce ta faɗa, ko ita ce ta faɗa tana tsawa? Ƙafa aka ce, ko hannu? Duk wanda ta ɗauko ta sa a bakin yarinyar sai ya ƙi zama, layin littafin ya ture shi.

Ta tashi ta ƙwanƙwasa ɗakin rubutu, abin da ba ta taɓa yi ba. Yana gaban na'ura, ya fara sabon littafi.

“Malam, abin da ka ɗauka a waya ranar nan. Kunna mini.”

“Wanne? Au. Ai na goge tuntuni, wayar ta cika. Na riga na kwashe abin da ake buƙata.”

“Me ta ce?”

“Wa?”

“'Yarka. Me ta ce mini?”

Ya miƙa hannu kan kantar littattafai ya zaro littafin, ya buɗe ba tare da ya nema ba, ya miƙa mata da yatsa a kan layin.

“Ba wannan ba. Abin da ta ce.”

“Shi ne dai, Auta. Ɗan gyara kawai aka yi.”

“Me aka gyara?”

Ya jingina da kujera. Ya dubi silin, ya murza goshi, leɓɓansa na motsi. Ta ga da gaske yake nema, kuma ta tsaya tana jira da takalman a hannu, tana roƙon Allah ya tuna masa.

“Wallahi na manta,” ya ce. Ya dube ta da tausayi. “Amma ki yarda da ni, wannan ya fi.”